MOTA MAI INJIN BABUR: A Yi Lissafin Difarenshal Kafin a Kunna Wutar Walda

Duk makanikin da ya ciro injin babur ya ɗora shi a kan mota mai ƙafa huɗu, akwai wata tambaya da ke jiransa a can baya, tsakanin tayoyin nan biyu, watau wane irin difarenshal zai sa. In ya dace da zaɓi, motar za ta tashi da kaya ba gardama, ta kuma yi gudu gwargwadon ƙarfin injinta. In kuwa ya kuskure, to, ɗayan biyu ne: ko injin ya yi ta kururuwa alhali motar tana rarrafe, ko kuma motar ta kasa tashi a gindin tudu har kuloci ya ƙone. Kuɗin wata da watanni ke nan sun bi ruwa, wani lokaci ma har da lafiyar mai tuƙi.

Wannan sana'a ta sa injin babur a mota ta fi ƙarfi a ƙasar Ingila, inda aka fi shekara ɗari ana yinta. Amma ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan, domin keke mai ƙafa uku da ke ɗaukar fasinja a Agege da Sabo ta Ibadan da Kano, ɗan gidan babur ne. Har ila yau akan sami samari masu fasaha da ke harhaɗa ƙaramar mota a bayan gida da injin babur. Lissafin da Baturen Ingila ke yi, shi ne dai lissafin da ya wajaba a kan ɗan ƙasar nan, ko da yake amsar da kowa zai samu dabam ce.

MENE NE AIKINSA?

Difarenshal shi ne ƙullutun ƙarfen nan da ake gani a tsakiyar aksil ɗin baya na mota irin su Peugeot 504, inda farfela take shiga. Aikinsa uku ne. Na farko, yana karkatar da juyin farfela, wadda ta miƙe daga gaba zuwa baya, ya mayar da shi hagu da dama wajen tayoyi. Na biyu, yana barin taya ɗaya ta fi 'yar'uwarta saurin juyi sa'ad da mota take shan kwana, domin tayar waje tana cin hanya mai tsawo fiye da ta ciki. Na uku, yana rage saurin juyi ya ƙara ƙarfin murɗa. A kan wannan na ukun ne ake ta muhawara.

Wani Bafaranshe mai suna Onésiphore Pecqueur ne ya yi rajistar wannan dabara a shekarar 1827, don keken da tururi ke ja. A 1877 kuma James Starley na birnin Coventry ya sa irinta a keke mai ƙafa uku.

A cikin ƙullutun akwai giya biyu masu haƙora. Ƙaramar tana bakin farfela, babbar kuma mai kama da faranti ita ke juya tayoyi. In aka ƙirga haƙoran babbar aka raba su da na ƙaramar, abin da ya fito shi ne lambar difarenshal. Alal misali, babba mai haƙora 47 da ƙarama mai 12 suna ba da 3.92, watau sai farfela ta juya kusan sau huɗu kafin taya ta juya sau ɗaya. Babba mai 44 da ƙarama mai 14 suna ba da 3.14.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne: babbar lamba tana ba da ƙarfin tashi da hawan tudu, amma tana rage iyakar gudu. Ƙaramar lamba tana ba da gudu mai nisa, amma tana rage ƙarfin tashi. Taura biyu ba ta taunuwa.

YADDA NA DA SUKA YI

Mutanen farko da suka shiga wannan harka kauce wa matsalar suka yi. Motocin Morgan masu ƙafa uku, waɗanda aka fara nunawa a Ingila a 1910, suna da injin babur mai silinda biyu a gaba da taya guda ɗaya tak a baya, sarƙa ke janta. Tun da tayar ɗaya ce, babu bukatar difarenshal.

A 1946 Charles Cooper da ɗansa John suka ƙera ƙaramar motar tsere a garin Surbiton, da injin babur na JAP mai si-si 500. Da yake sarƙa ce ke jan tayoyin, sai suka ajiye injin a bayan direba don ya yi kusa da su. In suna son canja lamba, sai su canja farantin sarƙa kawai. A irin wannan mota ce Stirling Moss ya fara yin suna a 1948. Wannan tsari na inji a baya kuwa shi ne ya kai Jack Brabham ga cin gasar duniya a motar Cooper a 1959 da 1960.

A Jamus kuma kamfanin BMW ya yi 'yar motar nan Isetta daga 1955 zuwa 1962, bisa lasin wani kamfanin Italiya, ya ƙera fiye da 160,000. Ta farko tana da injin babur mai si-si 247 da ƙarfin doki 12, iyakar gudunta kilomita 85 a sa'a. An matso da tayoyinta na baya kusa da juna, tazararsu wajen rabin mita, don haka bambancin juyinsu a kwana bai taka kara ya karya ba, aka bar ta ba difarenshal.

Abin ya sake salo ne da manyan baburan Japan suka fito: Honda Fireblade a 1992, Yamaha R1 a 1998, Suzuki Hayabusa a 1999. Injin irin waɗannan, haɗe da giyabos ɗinsa mai giya shida, bai kai kilo 100 ba, amma ƙarfinsa ya fi na manyan motoci da yawa. Sai kamfanoni irin su Westfield da Caterham suka shiga sa su a motoci masu siffar Lotus Seven, wadda Colin Chapman ya fito da ita a 1957. Kamfanin Radical kuma, wanda aka kafa a Peterborough a 1997, ya gina sana'arsa a kan injin babur. Masu harhaɗawa a gida su ma suka bi sahu. Irin waɗannan motoci nauyinsu wajen kilo 500 ne, tayoyinsu na baya kuma suna da tazara sosai, saboda haka ba makawa sai da difarenshal.

INDA GIZO KE SAƘA

Injin babur ya bambanta da na mota ta hanyoyi uku da suka shafi wannan zaɓi.

Da fari, yana juyi da sauri ƙwarai. Injin mota na yau da kullum yakan tsaya wajen juyi 6,000 a minti ɗaya, na Hayabusa kuwa yana wuce 10,000. Ƙarfin dokinsa wajen 170 ne, amma sai ya hau sama yake bayar da shi.

Na biyu, akwai wata giya a ɓoye tsakanin inji da kuloci wadda ke rage juyi tun kafin ya shiga giyabos. A Hayabusa lambarta 1.596. Masu koyo da yawa sukan manta da ita, lissafinsu ya wargaje tun daga tushe.

Na uku, giyoyin babur a matse suke da juna. A Hayabusa giya ta ɗaya 2.615 ce, ta shida kuma 1.043, watau ta ɗaya ta ninka ta ƙarshe sau biyu da rabi kacal. A giyabos mai giya biyar na motar Ford Sierra kuwa ta ɗaya 3.65 ce, ta biyar 0.82, watau ninki huɗu da kusan rabi. Ma'anar wannan ita ce mai injin babur ba shi da fili. In ya gyara tashi ya ɓata gudu, in ya gyara gudu ya ɓata tashi.

A jikin babur ɗin kansa, sarƙa ce ke rage juyi na ƙarshe. A Hayabusa ta farko faranti na gaba haƙora 17 ne, na baya 40, watau 2.35, ga kuma taya mai kewayen kusan mita biyu. Shi ya sa yake iya taɓa kilomita 300 a sa'a. In aka kawo injin cikin mota, sai a cire farantin gaba a ɗaura farfela a gurbinsa, difarenshal ya maye gurbin sarƙa. To, difarenshal ɗin mota ba safai ake samun mai lamba ƙasa da 3 ba, tayar kuma ta fi ƙanƙanta.

GA LISSAFIN

Hanyar ba ta da wuya. A ɗauki juyin inji a raba da lambar ɓoyayyiyar giya, a raba da lambar giyar da ake ciki, a raba da lambar difarenshal. Abin da ya rage shi ne juyin taya a minti ɗaya. A ninka shi da kewayen taya a mita, a ninka da 60, a raba da 1,000, sai ga kilomita a sa'a.

A ce an sa taya mai lamba 205/60 a kan rim mai inci 13, wadda kewayenta mita 1.81 ne. In injin Hayabusa yana juyi 10,000 a giya ta shida, farfela tana juyi wajen 6,000. Masu wannan sana'a a Ingila sun fi amfani da difarenshal ɗin Ford Sierra, motar da aka ƙera daga 1982 zuwa 1993, wanda ake samu da lambobi 3.92 da 3.62 da 3.38 da 3.14. Ga abin da kowanne zai bayar:

Mai 3.92 zai tsaya a kilomita 166 a sa'a. Mai 3.62 zai kai 180. Mai 3.38 zai kai 193. Mai 3.14 kuma zai kai 208.

Amma ba iyakar gudu ne kaɗai abin dubawa ba, domin ba kullum ake tsere ba. In mutum yana tafiya a kilomita 100 a sa'a a giya ta ƙarshe, mai 3.92 zai sa injin ya riƙa juyi 6,000, mai 3.62 wajen 5,550, mai 3.38 wajen 5,200, mai 3.14 kuma wajen 4,800. Injin mota da giyabos ɗin Sierra, a kan wannan taya da 3.92, juyi 3,000 kawai zai yi. Wanda ya zauna sa'a biyu kusa da inji mai juyi 6,000 ya san abin da kunnuwansa da aljihunsa za su gaya masa.

Wannan ne dalilin da ya sa 3.38 da 3.14 suka yi tsada a kasuwar tsofaffin kaya ta Ingila, ga su kuma da wuyar samu. Wasu sukan koma ga difarenshal ɗin baya na Land Rover Freelander, mai lamba 3.21, wanda ba shi da nauyi.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Da 3.14, giya ta ɗaya tana kaiwa kilomita 83 a sa'a, alhali da 3.92 tana tsayawa a 66. Giya ta ɗaya mai tsawo haka tana nufin sai an daɗe ana jan kuloci kafin mota ta kama hanya. Kulocin babur kuwa an yi shi ne don ya tashi da nauyin da bai kai na motar ba. A cunkoson gari ko a gindin tudu, nan da nan yake zafi ya fara santsi. Saboda haka mai tseren hawan tudu, inda ba a samun doguwar hanya miƙaƙƙiya, yakan zaɓi 3.62 ko sama. Mai zagaya babban filin tsere ko mai doguwar tafiya yakan nemi 3.38 ko ƙasa.

Akwai kuma wani tarko. Rage lamba ba ya ƙara gudu sai in injin yana da ƙarfin ture iska. Ƙarfin da ake bukata don keta iska yana hawa da sauri ainun: in aka ninka gudu sau biyu, sai an ninka ƙarfin doki sau takwas. Mota mai siffar Seven, da tayoyinta a waje, tana kama iska sosai. In aka ba ƙaramin inji lamba ƙarama fiye da kima, sai a tarar giya ta biyar ta fi ta shida gudu, ta shidan ta zama ado.

TO, A NAN GIDA FA?

Kamfanin Piaggio na Italiya ya fito da keke mai ƙafa uku, Ape, a 1948, daga jikin Vespa. Daga wannan zuri'a ce kekunan Bajaj na Indiya suka samo asali. A Ikko an san su da Keke Marwa tun zamanin da Buba Marwa yake mulkin jihar, daga 1996 zuwa 1999. Daga baya sunan Keke Napep ya bazu saboda shirin yaƙi da talauci da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2001, a Kano kuma ake ce musu A Daidaita Sahu. A irin waɗannan kekuna difarenshal yana haɗe da inji da giyabos a gida ɗaya, masu ƙerawa sun riga sun yi lissafin. Kekunan dakon kaya masu akwala a baya kuwa suna da farfela da aksil kamar na mota.

Mai harhaɗa tasa motar a gida ba Hayabusa yake samu ba. Abin da ke hannunsa injin si-si 125 zuwa 200 ne, mai ƙarfin doki goma ko ɗan sama da haka. A wurinsa lissafin juyewa yake yi, domin abin da ya rasa ƙarfi ne, ba juyi ba. Dabarar ita ce ya fara daga ƙarshe ya dawo farko.

A ce injin ya fi ƙarfi a juyi 7,500, ɓoyayyiyar giyarsa 4, giya ta ƙarshe 1, ta ɗaya kuma 2.8. A ce kuma yana son iyakar gudu kilomita 60 a sa'a, watau mita 1,000 a minti ɗaya. In ya sa ƙaramar taya irin ta keke, mai kewayen mita 1.3, tana bukatar juyi 770. In aka raba 7,500 da 770 za a sami 9.7, in aka sake rabawa da 4 za a sami 2.4. Lambar da yake nema ke nan. In kuwa tayar mota ya sa, mai kewayen mita 1.8, juyi 555 take bukata, lambar kuma ta koma 3.4. Mai karatu ya ga ke nan canjin taya kaɗai ya isa ya sauya amsa. Tayar ma giya ce.

Sa'an nan sai ya duba tashi. Mota da mutanenta mai nauyin kilo 500, in tana kan tudun da ke hawa mita ɗaya a kowace mita goma, tana bukatar turi kamar na kilo 60. A kan tayar mota, da ƙaramin inji irin wannan, sai jimlar ragin juyi ya kai wajen 17 kafin ma ta iya ci gaba da hawa, bayan an cire abin da giyoyi ke sha. Tashi daga tsaye yana son ninkin wannan, wajen 35, domin a lokacin injin bai hau ba. Da 3.4, jimlar giya ta ɗaya 38 ce, watau da ƙyar da jiɓin goshi. Da 4.1 kuwa 46 ce, akwai rara, amma iyakar gudu ya sauko zuwa kilomita 50. Wanda ke zaune a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kamar Ikko ko Maiduguri yana iya zama a kan 3.4. Mutumin Jos ko Abekuta ko Okene, gara ya haƙura da gudu ya ɗauki 4.1.

A KASUWAR KAYAN GYARA

Wanda ya shiga Ladipo a Ikko, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna neman difarenshal, kada ya dogara da baki kawai. Yana iya gwada lambar da kansa. Ya sa alli a bakin farfela da kuma a gefen taya ɗaya. Ya riƙe ɗaya gefen kada ya motsa, ya juya wanda ya yi wa alama sau biyu cif, yana ƙirga juyin bakin farfela. Adadin da ya samu ita ce lambar. In kuwa difarenshal ɗin mai kulle kansa ne, wanda gefen biyu ke tafiya tare, to juyi ɗaya ake yi. Mafi tabbaci shi ne a buɗe a ƙirga haƙora. Galibi na motocin a-kori-kura sun fi na motocin shiga babbar lamba, amma sun fi nauyi, nauyi kuwa shi ne babban abokin gāban ƙaramin inji.

Ya kuma tabbata wajen da injin ke juyawa ya dace da na difarenshal kafin ya yi walda. In ba haka ba, zai wayi gari da mota mai giyar baya huɗu ko biyar, ba ta gaba ko ɗaya.

Ga ƙaramin inji, sau da yawa sarƙa ta fi farfela sauƙi. Akwai difarenshal da ake ɗaura wa farantin sarƙa a jiki, kamfanin Quaife na Ingila yana cikin masu yinsa. Amfaninsa shi ne in lissafi ya kuskure, canjin faranti ɗaya ya wadatar. Faranti mai haƙora 14 da mai 48 suna ba da 3.43, in aka sa mai 57 sai ya koma 4.07.

ABUBUWAN KIYAYEWA

Wasu sukan toshe difarenshal da walda don tayoyin biyu su riƙa juyi tare. Wannan ganganci ne a kan kwalta, domin motar takan ƙi bin sitiyari a kwana, tayoyi su cinye, ƙarfen aksil ya karye.

Farfela mai juyi 6,000 a minti ɗaya tana wucewa ne daf da ƙafar direba. In ba a daidaita ta ba, ko aka yi mata walda a karkace, ranar da ta tsinke sai abin da Allah ya yi. Dole a kewaye ta da zoben ƙarfe mai kauri gaba da baya.

Babur ba shi da giyar baya. A Ingila akan sa ƙaramin akwatin ribas a tsakiyar farfela, ko a yi amfani da ƙaramar na'urar lantarki irin ta tayar da inji. Bugu da ƙari, babur yana kwantawa a kwana, mota kuwa ba ta kwantawa, saboda haka baƙin mai yakan gudu gefe guda ya bar famfo yana shan iska. Akan sa faranti a cikin kaskon mai don ya tsare shi. Birki ma sai an yi shi daidai da nauyin motar, ba na babur ba. Kuma kafin a hau titin gwamnati da ita, sai jami'an duba lafiyar motoci sun gan ta sun amince.

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Makanikin da ya zauna da fensir da takarda na rabin sa'a, ya san juyin injinsa da kewayen tayarsa da nauyin kayansa da irin hanyar garinsu, shi ne zai sayi difarenshal sau ɗaya. Wanda ya ce sai ya gwada ya gani, to, ya tanadi kuɗin kuloci na biyu.